Yadda Ake Zaɓen Darasin Tarihi a Babbar Sakandare da Sharuɗɗan da Ke Biye da Shi

A takarda, darasin Tarihi ba shi da wani sharaɗi mai tsauri a manyan makarantun sakandare na Najeriya. Makarantu da yawa sukan gindaya wa mai son ajin kimiyya cewa sai ya nuna ƙwazo a Lissafi da Kimiyya a jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, amma da wuya ka ji an ce wa yaro sai ya ci maki kaza kafin a bar shi ya ɗauki Tarihi. Wannan sauƙin shi yake ruɗin iyaye da ɗalibai, domin sharuɗɗan suna nan daram, sai dai a gaba suke jiran ɗalibi: ranar da za a yi masa rajistar WAEC ko NECO, da ranar da zai cike fam ɗin JAMB, da ranar da jami'a za ta baje sakamakonsa ta duba ko ya dace da kwas ɗin da ya nema. Saboda haka hanyar da ta fi ita ce a fara lissafi daga ƙarshe, wato daga abin da yaro yake son karantawa bayan sakandare, sannan a gangaro baya zuwa aji huɗu, wanda ake kira SS1, a zaɓi darussan da za su kai shi can.

Darussan da ke ɗauke da tarihi

Abu na farko shi ne a san cewa tarihi yana shigo wa ɗalibin babbar sakandare ta ƙofa fiye da ɗaya, kuma ƙofofin ba matsayinsu ɗaya ba a wurin masu ba da gurbin karatu.

Akwai darasin Tarihi shi kansa, wanda yake cikin darussan zaɓi na ɓangaren adabi. Akwai darasin Gwamnati, wanda rabinsa bayanin tsarin mulki ne, kamar rabon iko da tsarin tarayya da jam'iyyu da zaɓe, ɗaya rabin kuma tarihin siyasar Najeriya ne tsantsa, tun daga tsarin sarautar gargajiya da mulkin mallaka har zuwa kundayen tsarin mulki na Clifford a 1922 da Richards a 1946 da Macpherson a 1951 da Lyttleton a 1954. Akwai kuma Nazarin Addinin Musulunci, wanda wani yanki nasa tarihi ne, daga sirar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zamanin Halifofi Shiryayyu har zuwa shigowar Musulunci Afirka ta Yamma. Wannan na ukun yana taimaka wa ɗalibi ƙwarai, amma ba ya maye gurbin Tarihi ko Gwamnati a inda aka ce ɗayansu ake nema.

Na huɗu sabon shiga ne. A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja, wadda ta mayar da Tarihin Najeriya darasin dole daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, sannan a babbar sakandare ta haɗa tarihin ƙasa da ilimin zama ɗan ƙasa nagari da nazarin zamantakewa ta yi darasi guda da kowane ɗalibi zai ɗauka, ko a ajin kimiyya yake ko a ajin kasuwanci. Kada wannan ya sa uba ya ɗauka cewa ɗansa ya riga ya ɗauki Tarihi. Darasin dole na kowa daban yake, darasin zaɓi da ɗan ɓangaren adabi yake zurfafawa a cikinsa kuma daban. Tunda makarantu ba sa sauya manhaja rana ɗaya, wajibi ne a tambayi mataimakin shugaban makaranta mai kula da harkar karatu a kan wace manhaja ajin yaron yake tafiya, a kuma nemi ganin jerin darussan da hukumar jarrabawa ta amince da su a shekarar da ajin zai zauna.

Ana bukatar ɗan waiwaye kafin a gane dalilin da ya sa Tarihi ya yi ƙaranci a makarantunmu. An cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun daga zangon karatu na 2009/2010, aka narkar da ɗan abin da ya rage a cikin nazarin zamantakewa. Yaran da suka tashi a wannan tsakani sun shigo aji huɗu ba su taɓa zama a ajin Tarihi ba, sai suka karkata ga Gwamnati, makarantu kuma suka rage neman malaman darasin. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta daɗe tana matsa wa gwamnati lamba kafin a ba da umarnin dawo da shi, kuma a watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da dawowarsa a hukumance tare da shirin horar da malamai 3,700, ɗari daga kowace jiha da Abuja. Malamai ɗari a jiha mai makarantu irin na Kano ko Kaduna ba za su isa ko'ina ba, don haka har yanzu sharaɗin farko na ɗaukar Tarihi shi ne a sami mai koyar da shi.

Makon farko a aji huɗu

A makarantun gwamnati da dama, rabon ɗalibai zuwa azuzuwa aikin safiya ɗaya ne. Malami ya tsaya a filin taro da takarda a hannu, ya kira sunayen waɗanda suka yi ƙoƙari a Lissafi ya ce su wuce ajin kimiyya, ya ware wasu zuwa kasuwanci, ragowar kuma a ce su tafi ajin adabi. Daga nan yara suke ɗaukar ra'ayin cewa ajin adabi matattarar waɗanda suka gaza ne, alhali daga cikinsa lauyoyi da alƙalai da 'yan jarida da jakadu suke fitowa. Uban da yake son ɗansa ya yi Tarihi bai kamata ya bar zancen a hannun wannan safiyar ba. Ya je makarantar kafin a yi rabon, ko a makon da aka yi shi, ya yi tambayoyi uku: shin akwai malamin Tarihi na dindindin, ko ɗan yi wa ƙasa hidima ne da zai tafi bayan shekara guda, shin makarantar ta yi wa ɗalibai rajistar Tarihi a WAEC ko NECO a shekarun da suka gabata, shin Tarihi da Gwamnati suna karo da juna a jadawalin darussa, ta yadda dole yaro ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya.

Dalilin gaggawar shi ne cewa WAEC tana karɓar makin gwajin aji na ɗalibi tun daga aji huɗu zuwa aji shida, kuma wannan makin yana shiga cikin sakamakon ƙarshe na mai zana jarrabawa ta hannun makaranta. Yaron da ya shekara biyu bai zauna a ajin Tarihi ba, ya zo aji shida ya ce a sa masa shi a rajista, ya saka malamin jarrabawa cikin matsala, shi ma ya saka kansa, domin manhajar shekara uku ce ba za ta haɗiyu a wata shida ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan za a sauya ɓangare ko darasi, a yi shi a zangon farko na aji huɗu, in an makara ƙwarai kafin a shiga aji biyar.

Ɗalibi yana zana darussa takwas ko tara a jarrabawar kammala sakandare. Bayan an cire na dole, wato Turanci da Lissafi da darasin zama ɗan ƙasa da darasin sana'a, da abin da sabuwar manhaja ta ƙara na ilimin kwamfuta, gurbin da ya rage na zaɓi bai wuce uku ko huɗu ba. Ɗan ɓangaren adabi da yake son barin ƙofofi a buɗe zai fi amfana idan ya cike waɗannan guraben da Adabin Turanci, da Tarihi ko Gwamnati, da Nazarin Addini, sannan Hausa ko Larabci ko Tattalin Arziki. Adabin Turanci shi ne wanda yara suka fi gudu saboda yawan littattafan da ake karantawa, kuma shi ne wanda rashinsa ya fi jawo da-na-sani.

Tarihi ko Gwamnati

A ƙasidar JAMB, kwasa-kwasai da yawa suna rubuta waɗannan biyun a layi ɗaya, ma'ana kowanne ɗalibi ya kawo ya wadatar. Mai neman Kimiyyar Siyasa ko Hulɗar Ƙasa da Ƙasa, har ma da mai neman Tarihi a jami'o'i da dama, zai iya shiga da Gwamnati. Wannan ya sa malamai da yawa suke ba yara shawarar su ɗauki Gwamnati kawai, suna cewa ya fi sauƙin ci, littattafansa sun fi samuwa a kasuwa, tambayoyinsa kuma suna maimaita kansu. Akwai gaskiya a cikin wannan shawara idan abin da ake nema kiredit ne kurum.

Ra'ayina shi ne, duk inda makaranta take da malamin kirki kuma jadawali ya ba da dama, ɗalibin da ya san adabi ko shari'a ko siyasa zai karanta ya ɗauki duka biyun a sakandare, sannan a JAMB ya zaɓi wanda ya fi ƙarfi a kai. Darussan biyu suna ɗaukar nauyin juna, domin duk abin da ya shafi haɗewar Kudu da Arewa a 1914, da kafuwar NCNC a 1944 da NEPU a 1950 da sauran jam'iyyun wancan zamani, da 'yancin kai a 1960, da juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, karatu ɗaya za a yi masa a amsa shi a takarda biyu. Abin da Tarihi yake ƙarawa wanda Gwamnati ba ta da shi shi ne zurfin zamani, da koyon yadda ake auna hujja. Wanda ya shiga sashen Tarihi na jami'a da Gwamnati kaɗai yakan sha wuya a shekarar farko, lokacin da malami zai ɗauka kowa ya san Kanem-Borno da Oyo da cinikin Sahara. Idan kuwa dole sai ɗaya, kuma makarantar ba ta da tsayayyen malamin Tarihi, to a ɗauki Gwamnati ba tare da wani nauyin zuciya ba.

Abin da ke cikin manhajar, da yadda ake tambayarsa

Jarrabawar Tarihi ta WAEC takarda biyu ce. Ta farko tambayoyi 50 ne na canki-canka a cikin awa ɗaya, a kan Afirka ta Yamma da hulɗarta da duniya tun daga zamanin da har zuwa shekarar 2000: ma'anar tarihi da hanyoyin samo shi, cinikin Sahara, yaɗuwar Musulunci, zuwan Turawa gaɓar teku, cinikin bayi ta Tekun Atlantika, ayyukan mishan, taron Berlin na 1884 zuwa 1885, mulkin mallaka, da ƙungiyoyi irin su OAU da aka kafa a 1963 da ECOWAS da aka kafa a Legas a 1975. Takarda ta biyu ta dogon bayani ce, awa biyu, a kan Najeriya kawai, kuma an kasa ta uku: Najeriya har zuwa 1800, Najeriya a ƙarni na 19, da Najeriya a ƙarni na 20. Ɗalibi zai amsa tambayoyi huɗu, kuma dole ya taɓa kowane kashi. Wannan ƙa'idar ta ƙarshe ita take kama wanda ya haddace jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da zuwan Gwamna Lugga ya yi watsi da Nok da Ife da Igbo-Ukwu da Benin, yana ganin ba tarihin yankinsa ba ne.

Ɗan Arewa yana da fifiko a wasu sassan, domin sunayen ba baƙi ba ne a kunnensa. Ya ji labarin Sarauniya Amina da Muhammadu Rumfa da Mai Idris Alooma, ya san Alƙalawa da Gudu da Tabkin Kwatto, wataƙila ma ya ji labarin faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903 da abin da ya faru a Burmi daga bakin tsofaffi. Sai dai sanin labari bai isa ya ba da maki ba. Ɗauki tambayar da ke neman dalilai biyar da suka haddasa jihadin 1804. Ɗalibi mai rauni zai fara da haihuwar Shehu, ya cika shafi biyu da tarihin rayuwarsa, ya fita bai amsa tambayar ba. Mai ƙwarewa zai buɗe da jimla biyu da suke faɗin lokaci da wuri, sannan ya ba kowane dalili sakin layi nasa: gauraya addini da al'adun gargajiya a fadojin sarakunan Hausa, nauyin haraji da jangali a kan talakawa da makiyaya, matakan da Sarkin Gobir Nafata ya ɗauka na taƙaita wa'azi da hana rawani da lulluɓi, tsamin dangantaka a zamanin Yunfa wanda ya kai ga hijira daga Degel zuwa Gudu, da tasirin malamai irin su Malam Jibrin ɗan Umar. Kowane dalili da misalinsa, kowane misali da bayanin yadda ya kai ga yaƙi.

Daga nan ake gane sharaɗi mafi girma, wato Turanci. Da shi ake tambaya, da shi ake amsawa, kuma mai maki ba zai ba da lada a kan abin da ɗalibi ya sani a zuciyarsa ya kasa rubutawa ba. Yaron da ba ya iya haɗa sakin layi mai ma'ana a ƙarshen aji uku yana bukatar a fara da wannan kafin komai. Hanya mai amfani ita ce ya riƙa ba da bayanin darasin da Hausa ga ɗan'uwansa ko abokin karatunsa har ya tabbata ya fahimta, sannan ya zauna ya rubuta shi da Turanci a shafi guda, malami ya duba. Tambaya ɗaya a mako, in an dage, ta isa ta gyara hannun yaro kafin aji shida.

Manhajar JAMB ta fi ta WAEC faɗi, kuma ɗalibai da yawa ba sa lura da haka sai a ɗakin jarrabawa. Bayan tarihin Najeriya, tana tambaya a kan Misira a zamanin Muhammad Ali, da Mahdi a Sudan, da Habasha a ƙarni na 19, da daular Oman a gaɓar Afirka ta Gabas, da yaƙe-yaƙen Mfecane da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Wanda zai zaɓi Tarihi a JAMB ya sauke manhajarta daga shafin hukumar tun yana aji biyar, ya ware waɗannan batutuwan ya karanta su da kansa, domin malamin aji yakan bi manhajar WAEC da NECO ne.

Abin da jami'a za ta duba

Ƙa'idar gaba ɗaya ita ce kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas, ciki har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne, ko da yaro ya ce ai bai faɗi ba. A JAMB kuma darussa huɗu ake zanawa a kan maki 400, Turanci dole, sauran ukun gwargwadon kwas. Mai neman digiri a Tarihi zai haɗa Tarihi ko Gwamnati da wasu biyu daga darussan adabi ko na zamantakewa. Mai neman Shari'a ya sani cewa galibin jami'o'i suna neman kiredit a Adabin Turanci, wasu kuma ba sa karɓar zama biyu a wannan kwas, don haka Tarihi komai kyan makinsa ba zai rufe wannan giɓin ba. Kowace jami'a tana da nata ƙarin sharaɗi a cikin ƙasidar JAMB, kuma wannan ƙarin shi ya kamata a karanta da idon basira kafin a biya kuɗin fam, ba bayan mai shagon kwamfuta ya riga ya tura ba.

Zancen Lissafi yana bukatar taka-tsantsan. A watan Oktoba na 2025 gwamnatin tarayya ta sassauta sharaɗin kiredit a Lissafi ga masu neman kwasa-kwasan adabi, amma ta bar shi dole ga kimiyya da fasaha da ilimin zamantakewa, kuma kowane ɗalibi zai ci gaba da zana shi a jarrabawar kammala sakandare. Ɗalibin Tarihi da ya yi sakaci da Lissafi saboda wannan sassauci ya rufe wa kansa hanyar sauya sheƙa zuwa Kimiyyar Siyasa ko Tattalin Arziki, haka nan wurare irin su Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Kaduna, wadda take da sashen Tarihi da Nazarin Yaƙi, suna neman kiredit a Lissafi.

Wuraren karatun suna da yawa a kusa. Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka koyar, yana da tsohon suna, ga kuma Gidan Arewa a Kaduna, cibiyar binciken tarihi da ke ƙarƙashin jami'ar, ga sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa ga mai sha'awar tono. Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Maiduguri duk suna ba da digirin, wasu jami'o'in kuma sun haɗa shi da nazarin hulɗar ƙasashe a suna guda. Kwalejojin ilimi suna ba da NCE a Tarihi haɗe da wani darasi kamar Hausa ko Nazarin Addinin Musulunci, kuma da wannan takardar, ko da sakamakon IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.

Wanda ya riga ya gama sakandare ya ga babu Tarihi ko Gwamnati ko Adabin Turanci a sakamakonsa, bai kamata ya koma aji huɗu ba. WAEC da NECO duka suna shirya jarrabawar masu zaman kansu, wadda ake zanawa ba ta hannun makaranta ba kuma ba ta bukatar makin gwajin aji, sai ya yi rajistar darasin da ya rasa ya haɗa sakamakon biyu a matsayin zama biyu, muddin kwas ɗin da jami'ar sun yarda da haka. Kafin ya biya kuɗin rajista ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa a sabuwar takardar sun yi daidai da na tsohuwar, sun kuma yi daidai da abin da ke kan lambarsa ta NIN, wadda JAMB ba ta yin rajista sai da ita, domin bambancin harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Mohammed ya isa ya tsayar da tantancewa har a rufe karɓar ɗalibai na wannan shekarar.